Filin Jirgin Saman Dutse: Me Muka Gina, Me Kuma Ya Rage Mana?

Sama da shekara goma ke nan tun da Jihar Jigawa ta shiga sahun jihohin da ke da filin jirgin sama, kuma har yanzu idan aka zauna a majalisa aka tayar da zancensa, ra'ayi kan rabu gida biyu. Wasu na ganin abin alfahari ne da ya fitar da jihar kunya a idon baƙi, wasu kuma na ganin dukiya ce aka binne a cikin daji, wadda da an kai ta ga rijiyoyin burtsatse da ɗakunan shan magani da ta fi amfanar talaka. Mu a namu ɓangaren muna ganin wannan muhawara ta riga ta wuce lokacinta. An riga an gina filin, kwalta na nan shimfiɗe, kuma ana kashe kuɗi a kanta kowace rana, jirgi ya sauka ko bai sauka ba. Abin da ya kamata ya dami manomi da dagaci da shugaban ƙaramar hukuma a yau shi ne yadda za a kare wannan kadara, da yadda za a sama mata aikin da ya dace da ita.

Idan za a iya tunawa, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga watan Agusta 1991, Dutse hedkwatar ƙaramar hukuma ce kawai. Babu sakatariyar da za ta ɗauki ma'aikatu, babu isassun gidajen ma'aikata, abin da ya sa aka rarraba wasu ma'aikatun zuwa sauran masarautu na tsawon shekaru. Duk wanda zai hau jirgi, gwamna ne ko maniyyaci, sai ya nufi Kano. Ba abin mamaki ba ne, domin Kano ce uwar harkar jiragen sama a ƙasar nan: a nan jirgin farko ya sauka a shekarar 1925, kuma filinta, wanda yau ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, shi ne mafi daɗewa a Nijeriya.

A zamanin gwamnatin Alhaji Sule Lamido, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, aka dawo da ma'aikatu Dutse, aka kuma shiga gina ta a matsayin babban birnin jiha na sosai. Filin jirgin yana cikin wannan tsari. An gina shi a wajen gari, kimanin kilomita 10 daga tsakiyar Dutse, da kuɗin gwamnatin jiha. A shekarar 2014 maniyyatan Jigawa suka fara tashi zuwa Ƙasa Mai Tsarki daga nan, sannan a watan Oktoba na wannan shekara Shugaban Ƙasa na lokacin, Dokta Goodluck Jonathan, ya zo ya buɗe shi a hukumance. A shekarar 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta sanya masa sunan marigayi Mai Martaba Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a farkon shekarar bayan ya shafe kusan shekara 28 a kan karaga.

Abin da mutum zai fara gani idan ya isa wurin shi ne ginin da fasinjoji ke jira, amma wannan gini ba shi ne filin jirgi ba. Zuciyar filin ita ce titin sauka da tashi, wanda a Dutse tsawonsa ya kai kilomita 3. Wannan tsawo ba ado ba ne. Babban jirgin alhazai, irin mai ɗaukar mutum ɗari huɗu ko ɗari biyar tare da kayansu da man da zai kai shi Jidda ko Madina, yana buƙatar doguwar hanya kafin ya ɗaga, musamman a ƙasa mai zafi irin tamu, inda iska ke yin sauƙi da tsakar rana har fukafukai su kasa samun abin dogara da wuri. Da an yi titin gajere, da ƙananan jirage kawai za su iya amfani da shi, da kuma har yau maniyyatanmu na kwana a sansanin alhazai na Kano.

Bayan titin akwai abubuwan da ido bai cika kula da su ba, alhali su ne ke cin kuɗi. Akwai hasumiyar da ma'aikata ke magana da matuƙin jirgi, da na'urorin da ke nuna masa hanya, da fitilun gefen titi, da ofishin masu duba yanayi, da injinan bayar da wuta, da shingen da ya kewaye wurin, da kuma motocin 'yan kwana-kwana. Ƙa'idar duniya ita ce motar kashe gobara ta isa kowane ɓangare na titin cikin minti uku da samun labari, kuma gwargwadon girman jirgin da zai sauka, gwargwadon yawan motoci da ruwa da kumfar da za a tanada. Wannan na nufin ko da jirgi ɗaya ne zai sauka a mako, tilas a riƙe ma'aikata da motoci cikin shiri, a biya albashi, a sayi gas, a sare ciyawa, a gyara fitilar da ta mutu.

Ya kamata jami'an ƙananan hukumomi su san cewa gina fili daban, gudanar da shi daban. Tsarin mulkin 1999 ya sanya harkar jiragen sama a hannun Gwamnatin Tarayya. Hukumar NCAA ce ke bayar da izini da sa ido a kan ƙa'ida, hukumar NAMA ce ke kula da zirga-zirga a sararin sama, hukumar NiMet ke bayar da rahoton yanayi, hukumar FAAN kuma ke tafiyar da filayen Gwamnatin Tarayya. Ranar da jirgi zai ƙetare iyaka, sai jami'an shige da fice da na kwastam sun hallara. Saboda haka idan aka ji jirgi bai zo ba ko an ɗage tashi, ba kullum ne laifin yake a gidan gwamnati ba, kamar yadda ba kullum ne yake a Abuja ba.

To, me filin ya tsinana? Amsar da ba ta da gardama ita ce aikin Hajji. Kakanninmu sun tafi Makka a ƙasa, ta Borno da Chadi da Sudan, wasu su shekara biyar ko goma a hanya, wasu su zauna can har abada, kuma zuriyarsu na nan a Sudan har gobe. Iyayenmu sun tafi ta Kano, inda tsoho daga Birniwa ko Gwaram kan yi kwanaki a sansani cikin cunkoson alhazan jihohi da dama, ba ya da tabbacin ranar tashi, guzurinsa na ƙarewa tun bai bar gida ba. Yau ma'aikatan hukumar alhazai ta jiha na iya kiran maniyyatan ƙaramar hukuma kaza a ranar da aka tsara musu, 'yan rakiya su koma gida kafin dare. Duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa Kano a wancan zamani ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai aikin Hajji makonni kaɗan ne a shekara, na tafiya da na dawowa. Shekarun 2020 da 2021, lokacin da annobar korona ta sa Saudiyya ta rufe ƙofa ga alhazan ƙetare, sun nuna mana abin da ke faruwa da filin da ya dogara ga wannan aiki shi kaɗai. A sauran watanni, masu sauka galibi manyan baƙi ne na gwamnati da jiragen haya. Kamfanin Overland ya yi jigilar fasinja tsakanin Abuja da Dutse da ƙananan jiragensa masu farfela, amma gaskiyar magana ita ce zirga-zirgar fasinja ta yau da kullum ba ta kai yadda aka yi fata a farko ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, kuma babu amfanin mu ɓoye wa kanmu su. Na farko shi ne kusancinmu da Kano, wadda tafiyar ƙasa da awa biyu ce a mota. A can jirage na tashi zuwa Abuja da Legas safe da yamma, idan ɗaya ya kuɓuce wa mutum zai samu wani. Ɗan kasuwar da ke da taro a Abuja zai gwammace ya sha wahalar hanya ya je inda yake da zaɓi, da ya dogara ga jirgi ɗaya da ba kullum yake zuwa ba. Har ila yau, siffar jihar kanta ba ta taimaka ba. Mutumin Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko 'Yankwashi ya fi kusa da Kano a kan Dutse, ba kuma za a ga laifinsa ba idan ya bi hanyar da ta fi masa sauƙi. Waɗanda filin Dutse ya fi yi wa kusa su ne mutanen Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da Buji da Gwaram, sai maƙwabtanmu na Gaya da Takai da Albasu a Jihar Kano, da na Ningi da Jama'are da Azare a Jihar Bauchi. Jama'a ce mai yawa, amma yawancinta manoma ne, kuma tun bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar Naira a 2023 kuɗin tikiti ya fi ƙarfin ma'aikacin gwamnati ma, balle manomi.

Wannan matsala ba ta Jigawa ba ce ita kaɗai. Gombe da Bauchi da Kebbi duk sun gina nasu filayen a cikin shekaru ashirin da suka wuce, kuma shugabannin hukumar FAAN sun sha bayyana cewa filaye ƙalilan ne a duk faɗin ƙasar nan ke samar da kuɗin da zai riƙe su, sauran kuwa da abin da Legas da Abuja suka tara ake tallafa musu. Filin jirgi na samun kuɗinsa ne daga abin da jirage ke biya na sauka da na ajiya, da ɗan kason da ake cira daga tikitin kowane fasinja, da hayar shaguna da ofisoshi. Inda babu jirgi, duk waɗannan ƙofofi a rufe suke.

Shi ya sa tun ranar farko ake danganta filin Dutse da jigilar amfanin gona zuwa ƙasashen waje. Tunani ne mai kyau, amma a nan ne muke son mu tsaya mu yi bayani dalla-dalla, domin an daɗe ana faɗa wa manoma maganar ba tare da an warware musu ita ba. Jigawa ta yi suna wajen noman riɗi da zoɓo, tana kuma da ƙaro da dabino da shinkafa da alkama. Riɗin da ake tarawa a kasuwannin Maigatari da Gumel da Malam Madori yana kaiwa har Japan da Chaina da Turkiyya, zoɓonmu kuma babbar kasuwarsa Meziko. Sai dai duk waɗannan kaya ne busassu, masu nauyi, waɗanda ba sa lalacewa don sun yi wata biyu a hanya. A kwantena ake zuba su, a kai su tashar ruwa ta Legas, jirgin ruwa ya kwashe. Babban jirgin sama na kaya abin da yake ɗauka bai wuce lodin tirela uku ko huɗu ba, kuma kuɗin dakon kilo ɗaya a sama ya ninka na ruwa sau da yawa. Babu ɗan kasuwar da zai ɗora buhun riɗi a jirgin sama ya ci riba. Abin da zai sauƙaƙa wa riɗi da zoɓo hanya shi ne titi mai kyau da layin dogo, kuma a nan ne reshen Kano zuwa Dutse na layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ya fi shafar manomin riɗi a kan filin jirgi.

Kayan da suka dace da jirgin sama su ne masu tsada kuma masu saurin lalacewa: ɗanyen nama, kifi, tattasai da attaruhu da sauran kayan lambu, 'ya'yan itace, da fatun da aka jeme. Muna da tushen waɗannan. Kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci kowace Alhamis a bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na yankin nan, kwarin Hadeja kuma na ba da kifi da kayan lambu rani da damina. Amma tsakanin saniyar da ke tsaye a kara da naman da za a karɓa a Jidda ko Dubai akwai matakai da yawa. Sai an samu mayanka ta zamani da likitocin dabbobi suka amince da ita, da ɗakunan sanyi masu wutar da ba ta yankewa, da motoci masu sanyi, da takardar shaidar lafiyar kaya daga hukumar NAQS, da mai saye a can da ya sa hannu a kan yarjejeniya. Sannan sai an samu abin da jirgin zai kawo idan zai zo, domin babu kamfanin da zai turo jirgi fanko ya ɗora wa kansa asarar tafiya ɗaya.

A kan batun takardar shaida, akwai darasin da ya kamata malaman gona su riƙa maimaita wa jama'a. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta, saboda an samu maganin ƙwari ya yi yawa a cikinsa, irin wanda ake barbaɗawa a rumbu ko a buhu don gudun ƙwaro. Laifin 'yan kaɗan ne, amma duk manoman ƙasa suka ɗanɗana. Kayan da za su tashi daga Dutse zuwa ƙetare, a gona da rumbu ake fara tantance su, ba a bakin jirgi ba.

Akwai kuma nauyin da ya rataya kai tsaye a wuyan garuruwan da ke kewaye da filin, wanda ba ya jiran kasafin kuɗi ko zuwan wani mai zuba jari. Babba a ciki shi ne shinge. Ƙasar da ke cikin filin jirgi faffaɗa ce, ciyawarta kan yi kyau da damina, kuma mun san yadda idon makiyayi ke ganin irin wannan wuri a lokacin da gonaki suka cinye burtali. To amma a shekarar 2005 wani jirgin Air France ya afka wa garken shanu a kan titin filin Fatakwal yana cikin sauka da dare. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma labarin ya zagaya duniya, kuma sunan filin ya daɗe bai wanku ba. Akuya ɗaya da ta bi ta inda wani ya yanke waya don ya gajarta hanyar zuwa gona ta isa ta jawo irin wannan. Wanda ya saci ƙarfen shinge ko wayar fitila ya kai wa 'yan gwangwan, ran alhazan garinsu ya sayar.

Na biyu tsuntsaye. Injin jirgi iska yake zuƙa da ƙarfi, idan ya haɗiye shirwa ko balbela yana iya mutuwa nan take, kuma lokacin tashi da sauka ne wannan ya fi faruwa. A watan Disamba na 2024, a filin Muan na ƙasar Koriya ta Kudu, wanda shi ma filin yanki ne da ke kusa da matattarar tsuntsaye, jirgi ya ci karo da garken tsuntsaye yana shirin sauka, mutum 179 suka rasa rayukansu a hatsarin da ya biyo baya. Abin da ke tara tsuntsu sananne ne: juji, da kwata, da kududdufi, da wurin shanyar hatsi. Hukumar kula da jiragen sama ta duniya ta ba da shawarar a sa ido a kan irin waɗannan wurare har nisan kilomita 13 daga fili, wanda a wajenmu ya haɗa da wani ɓangare na garin Dutse kansa. Ke nan inda sashen tsabtar muhalli na ƙaramar hukuma zai ware don zubar da shara, da inda za a ba mahauta wurin yanka, ba ƙaramar shawara ba ce da za a yanke a ofis ba tare da tuntuɓar mahukuntan filin ba.

Haka nan ƙona daji da ƙona karan gona bayan girbi. Da ma lokacin hunturu hazo kan sa a soke tashin jirage a duk Arewa, saboda matuƙi ba ya hango titi. Idan hayaƙi ya haɗu da hazo a daidai inda jirgi ke saukowa, na'ura ma tana da iyakar abin da za ta iya.

Abu na ƙarshe, kuma wanda muke ganin ya fi buƙatar a yi maganinsa tun yanzu, shi ne rabon ƙasa. Dutse na faɗaɗa. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011 gine-gine ke ta miƙewa ta kowace fuska, kuma duk inda aka ce ga filin jirgi, dillalan filaye kan riga kowa isa. Filin Kano ma a bayan gari yake lokacin da aka gina shi. Gari ya bi shi har ya kewaye shi, kuma ranar 4 ga watan Mayu 2002, da jirgin kamfanin EAS ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa, a kan gidajen unguwar Gwammaja ya faɗa, mutane fiye da ɗari suka rasu, da dama daga cikinsu suna cikin gidajensu ne ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Dutse na da damar da Kano ba ta da ita a yau, domin mafi yawan ƙasar da ke kewaye da filinmu har yanzu gonaki ne.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a yankunan karkara, kuma kowa ya san ba a cinikin gona a ƙauye sai mai unguwa ko dagaci ya shaida. Saboda haka hannun da zai hana gida ko makaranta ko gidan mai tsayawa a daidai bakin titin jirgi, hannunsu ne. Noman gero da gyaɗa da wake a wajen shinge bai hana jirgi sauka ba, kuma babu mai cewa a raba manomi da gonarsa ba tare da diyya ba. Abin da ake gudu shi ne yanka gonakin nan fuloti-fuloti a ɓangarori biyun da jirgi ke bi wajen tashi da sauka. Dogon gini da turken wayar salula da tankin ruwa mai tsawo kuwa, doka ta ce sai an samu izinin hukumar NCAA kafin a kafa su kusa da filin jirgi. Idan mai neman fili ya zo da irin wannan buƙata, abin da ya dace dagaci ya yi shi ne ya miƙa maganar ga hakimi, ƙaramar hukuma kuma ta rubuta wa ma'aikatar ƙasa da safiyo da shugaban filin jirgin, a auna wurin a kan taswira kafin kowa ya sa hannu ko ya karɓi kuɗin shaida.